Wa zai fara wucewa? Tarihin mararraba da abin da ya rage ma unguwanninmu



Duk inda hanya biyu suka gitta juna, tambaya ɗaya ce ke tasowa: wa zai fara wucewa? Mai kabu-kabu na ganin shi ne, don fasinja na gaggawa. Mai adaidaita ya riga ya kutsa kai. Direban dogon baro ya san babu mai iya tare shi. Yarinya mai talla kuma tana bakin kwalta da tire bisa kai, tana lissafin ko ƙafarta za ta riga moton da ke tahowa. Tambayar nan ta girmi mota. Birane sun kwashe sama da shekara 150 suna neman amsarta, kuma sun gwada amsa iri uku. Yau za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, don mu ga wadda ta dace da mararrabar cikin unguwa, can inda babu ɗan sanda kuma babu fitila.

Amsa ta farko ita ce umurni: a samu wani, mutum ko na'ura, da zai ce kai tsaya, kai wuce.

A watan Disamba na 1868 aka kafa fitilar hanya ta farko a birnin Landan, gaban majalisar dokokin Ingila. Lokacin babu mota a titi, kekunan doki ne suka cika hanya, har ƙetare titi yana gagarar 'yan majalisa. Wani injiniyan jirgin ƙasa mai suna John Peake Knight ya ba da shawarar a aro dabarar da ake tsai da jirgi da ita. Aka kafa dogon ƙarfe mai tsawon sama da mita 6, da hannuwa da ake ɗagawa ko a sauke da rana. Da dare kuma sai a kunna fitilar gas, ja ko kore. Ɗan sanda ne ke tsaye gindinta yana sarrafa ta da hannu. Ba ta cika wata guda tana aiki ba. Farkon Janairu na 1869 gas ya yi yoyo, fitilar ta fashe, ta ƙona ɗan sandan. Ba a daɗe ba aka cire ta, Landan ta koma ga ɗan sanda da hannunsa har fiye da shekara 50.

Cikin wannan tsakani mota ta shigo. Ranar 17 ga Agusta 1896 wata mota ta buge wata mata mai suna Bridget Driscoll a Landan, ta rasu. Ita ce mai tafiya a ƙasa ta farko da mota ta kashe a Ingila. Motar kuwa gudunta wajen kilomita 6 ne a awa, kamar na mutum mai ɗaga ƙafa. To ina ga lokacin da mota ta yi araha, ta kuma ƙara gudu? A Amurka abin ya fara tsanani, bayan kamfanin Ford ya fito da motarsa mai sauƙin kuɗi a 1908. Ranar 5 ga Agusta 1914 birnin Cleveland ya kafa fitila mai aiki da lantarki, ja da kore kaɗai. Sai aka ga tana da aibi: da ja ta mutu sai kore ta kama nan take, waɗanda ke tsakiyar mararraba ba su gama fita ba wasu sun afko masu. A 1920 wani ɗan sandan birnin Detroit, William Potts, ya ƙara launi na uku, ruwan ɗorawa, mai cewa shirya ka tsaya. A 1923 kuma Garrett Morgan, baƙar fata wanda iyayensa suka taɓa zama bayi, ya yi rajistar tasa na'ura, mai tsai da kowa da kowa na ɗan lokaci kafin a ba wani ɓangare hanya. Allon nan mai cewa STOP shi ma a Detroit aka fara kafa shi, a 1915. Bai zama ja ba a Amurka sai 1954, kuma yarjejeniyar alamomin hanya da aka ƙulla a birnin Biyana a 1968 ta taimaka ya bazu a duniya da kusurwoyinsa takwas.

Wannan fitila, wadda mu nan muke ce ma feu rouge, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma su ce danja, ta yi amfani ƙwarai a manyan mahaɗai. Amma tana da sharuɗɗa. Tana son wuta ba yankewa, tana son mai gyara, kuma tana son kowa ya yi mata biyayya ko da ƙarfe biyun dare ne babu mai gani. Sannan ba ta rage gudu. Wanda ya hango kore daga nesa ƙara wuta yake yi don kada ta mutu mashi. Idan ɗaya ya keta ja a daidai lokacin, karon da ake yi na haƙarƙari ne, mota ta soki mota ta gefe da cikakken gudu, kuma irin shi ne ya fi kisa a mararraba.

Amsa ta biyu ta fito kusan lokaci guda da ta farko, ita ce shataletale. A birnin New York wani attajiri mai suna William Phelps Eno, wanda shi kansa bai taɓa koyon tuƙi ba, ya tsara a riƙa zagaya dandalin Columbus ta gefe guda a 1905. A Paris kuma mai tsara gine-gine Eugène Hénard ya kawo irin wannan tunani, aka fara aiki da shi a 1907 a dandalin Étoile, inda manyan tituna 12 suka haɗu. Hikimar a fili take. Masana hanya sun ƙirga cewa a mararraba mai ƙafa huɗu akwai wurare 32 da hanyar mota ɗaya ke iya cin karo da ta wata. Idan aka mai da ita shataletale mai layi ɗaya, sai su koma 8, kuma babu na gaba-da-gaba ko na sukar haƙarƙari, sai na goga.

To amma shataletalen farko sun zo da tasu matsala, kuma a nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye. Dokar hanya ta Faransa, wadda ta fara fitowa a 1921, ta zauna bisa ƙa'idar nan da duk wanda ya yi permi ya haddace: wanda ya fito ta hannun damanka shi ke da hanya. A mararrabar da ba ta da alama, ƙa'idar tana da kyau. A shataletale kuwa, mai shigowa kullum ta dama yake fitowa. Ke nan wanda ke ciki ne zai tsaya ma wanda ke shigowa. Motoci su yi ta shiga, babu mai fita, har da'irar ta cika ta kulle kanta. Sauri ya haifi nawa. Saboda haka, zuwa shekarun 1950, birane da yawa a Amurka sun yanke ƙauna daga shataletale, suna rushe su suna kafa fitila.

Ingila ce ta gyara abin, kuma ba da siminti ba. A watan Nuwamba na 1966 ta juya ƙa'idar: mai shigowa ne zai dakata, wanda ke cikin da'ira ya wuce. Wannan 'yar canjin ta yi aiki biyu. Da'irar ta daina kullewa, tunda kullum ana fita kafin a shiga. Kuma dole kowa ya taka birki kafin ya shiga, tunda ya san ba shi ke da hanya ba. Wani injiniya a cibiyar binciken hanyoyi ta Ingila, Frank Blackmore, ya ƙara gaba. Ya nuna cewa idan ƙa'idar ta zauna, ba a bukatar ƙaton fili mai gunki a tsakiya. Ɗan da'ira da aka shafa ma farin fenti ya isa. A ƙarshen shekarun 1960 aka fara irin waɗannan ƙananan shataletale a garin Peterborough, daga nan suka cika unguwannin Ingila. Faransa ba ta karɓi sabuwar ƙa'idar ba sai da dokar 1983, wadda ta fara aiki a 1984. Yau tana cikin ƙasashen da suka fi yawan shataletale a duniya, dubun dubata. Duk da haka ba ta soke tsohuwar ba. Inda aka kafa allo mai kusurwa uku mai cewa ka ba da hanya, na ciki ne ke da hanya. Inda babu allo, mai shigowa ne. Dandalin Étoile har gobe bisa tsohuwar ƙa'ida yake tafiya.

Amsa ta uku ba daga injiniyoyi ta fito ba, daga iyaye ta fito. A ƙasar Holan, a 1971, haɗarin hanya ya kashe mutum wajen 3,300, cikinsu har da yara sama da 400. Wani ɗan jarida, Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe mashi ɗiya, ya yi rubutu mai zafi yana kiran abin da sunan kisan yara. Rubutun ya zama sunan wata ƙungiya. Iyaye mata suka riƙa fitowa da 'ya'yansu suna tare tituna, suna shimfiɗa tebur tsakiyar hanya. Abin da suka nema shi ne a sake fasalin titin unguwa ta yadda mota ba za ta iya gudu ba ko da direban yana so. Dama tun ƙarshen shekarun 1960 garin Delft ya fara gwada haka: a matse hanya, a karkata ta, a dasa itace, a ɗaga kwalta a bakin mararraba. A 1976 gwamnatin Holan ta shigar da irin wannan titi cikin doka. Daga baya tunanin ya haifi unguwannin da ba a wuce kilomita 30 a awa. Faransa ta sa su cikin dokarta a 1990, birnin Graz na ƙasar Ostiriya ya shimfiɗa ƙa'idar a mafi yawan titunansa a 1992, Paris ta bi sahu a 2021.

Me ya sa 30? Lissafi ne na jiki da ƙarfe. Direba yana ɗaukar kamar daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin yaro da taka birki. A gudun 30, cikin wannan daƙiƙa mota ta ci mita 8. A gudun 50 ta ci kusan mita 14, tun ba a taɓa birki ba. Bayan an taka kuma, idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin cewa cikin mutum goma da mota ta buge a gudun 30 ko ƙasa da haka, kusan tara suna rayuwa, kuma daga nan duk ɗan ƙarin gudu yana ƙara mutuwa da yawa. Rahotonta na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu moto. Ga 'yan shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya fi haɗarin hanya kisa a duniya. Afirka kuma, duk da ita ce mafi ƙarancin motoci, ita ke gaba wajen yawan mutuwa idan aka auna da yawan jama'a.

Yanzu mu dawo gida, mu ga abin da muka gada daga waɗannan amsoshi uku.

Daga Faransa muka gaji tuƙi ta hannun dama da ƙa'idar ba na dama hanya. Dattawan direbobin Maraɗi na iya tuna lokacin da in ka wuce Ɗan Isa ka nufi Jibiya sai ka sake hannu, don Najeriya ta hagu take tuƙi irin na Ingila. Ranar 2 ga Afrilu 1972 ta koma dama, Gana ta biyo baya ranar 4 ga Agusta 1974, dukansu don su daidaita da maƙwabtansu masu tuƙin dama. Wannan ya nuna ana iya sake ma ƙasa ɗungurungum ɗabi'ar tuƙi cikin kwana ɗaya, idan an shirya mutane an faɗakar da su. Mun kuma gaji rond-point da ƙa'idodinsa biyu, tsohuwa da sabuwa. Shi ya sa za ka ga direbobi biyu sun yi karo a shataletale, kowa na rantsuwa shi ke da gaskiya. Sau da yawa babu maƙaryaci cikinsu. Ɗaya ya riƙe ƙa'idar dama, ɗaya ya riƙe ta da'ira, allon da zai raba gardama kuma ya faɗi ko ya goge.

Fasalin garuruwanmu ma tarihi ne. Tsohuwar Maraɗi a kwari take, bakin Gulbi. Ambaliyar 1945 ce ta cinye ta, aka tashi garin zuwa kan tudu, Turawa suka yanka filaye layi-layi kamar gidan dara, tituna miƙaƙƙu suna gitta juna. Unguwannin da aka yanka daga baya, a Maraɗi da Tawa da Yamai da Damagaram, mafi yawansu wannan salo suka bi. Lokacin da jaki da raƙumi da keke ke bin su, babu laifi. Amma gidan dara ma'anarsa mararraba mai ƙafa huɗu a ƙarshen kowane layi, wato irin mai wuraren karo 32, kuma miƙaƙƙiyar hanya tana kiran gudu. Ku kwatanta da lungunan Birni a Damagaram, masu ƙunci da lanƙwasa. Ba injiniya ya zana su ba, amma mai moto dole ya sassauta, don bai san abin da ke bayan kwana ba. Abin da mutanen Delft suka kashe kuɗi suka ƙirƙira, magabatanmu sun gina shi da laka tun da daɗewa.

Sai jama'a ta ƙaru. Yamai, wadda ta karɓi matsayin babban birni daga Damagaram a 1926, tana da mutum wajen 30,000 lokacin samun 'yancin kai a 1960. A ƙidayar 2012 ta haura miliyan ɗaya, Maraɗi kuma ta wuce 260,000. Motoci masu ƙafa biyu 'yan Sin suka yi araha, kabu-kabu ya zama sana'ar dubban samari, adaidaita ta biyo baya. Hukumomi sun mai da martani da manyan ayyuka. Bayan gadar Kennedy ta 1970, Yamai ta samu gada ta biyu a 2011 da ta uku a 2021. An buɗe gadar sama ta Mali Bero a 2013, ta shataletalen Shahidai a 2016, ta Diori Hamani a 2018. Bikin 18 ga Disamba mai zagaya jihohi ya kawo sabuwar kwalta da fitilu: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Ayyuka ne da suka sauƙaƙa zirga-zirga, babu mai musu. Sai dai dukansu daga amsa ta farko da ta biyu suka fito, kuma a manyan mahaɗai suka tsaya. Hanyar unguwa da ta tashi daga rairayi ta koma kwalta, gudun da ake yi bisanta ya ninka, alhali ƙofar makaranta da ta masallaci da teburin mai ƙosai suna nan inda suke.

Da yake amsa ta uku ba ta iso ta hannun hukuma ba, mutane sun ƙirƙiro tasu. Duk unguwar da aka buge yaro, washegari za ka tarar an jera duwatsu, ko an gicciye gungume, ko an yi tudun siminti mai kaifi kamar kunyar gona. Niyyar daidai take da ta iyayen Holan. Amma tudun da ba shi da fenti, ba shi da allo, kuma ya yi tsini, shi ma yana kayar da mai moto da dare, yana wahal da motar ɗaukar marasa lafiya. Bambancin Holan shi ne kukan iyaye ya isa ga ma'aikatar magajin gari, injiniya ya zo ya auna, abin ya zama doka.

To mene ne tarihin nan ke cewa ga mai unguwa da 'yan fada da kwamitin iyayen yara? Kada a zauna jiran fitila. Ba za a kafa ta a kowane layi ba, ko a Paris ba a yi haka ba. Abin da ya fi araha shi ne a buɗe ido ga mararraba: rumfar mai shayi, tulin yashi da bulo na mai gini, teburin mai sai da mai a kwalba, motar da aka aje daidai kwana, duk suna ɓoye yaro daga direba. Ja da su baya 'yan mitoci ba ya bukatar kasafin kuɗi, magana ce tsakanin maƙwabta. Bayan haka a san wace hanya ce babba, wace ce za ta dakata, a nemi a kafa allo, a kuma kula da shi kada ya zama abin shanya. Inda layuka biyu suka yi kunnen doki, ɗan ƙaramin da'ira irin na Blackmore na iya raba gardama, muddin an faɗa ma kowa, a tashar kabu-kabu da gidan rediyo, cewa na ciki ne ke da hanya. Tudun rage gudu kuma a yi shi da sanin ma'aikatar magajin gari, mai faɗi da gangare, a shafa mashi fenti, a sa shi kafin mararraba. Lokacin shiga da tashin 'yan lakwal a samu babba mai riga mai ƙyalli ya ƙetarar da su, kamar yadda aka saba a Amurka tun shekarun 1920 da Ingila tun shekarun 1950.

Akwai kuma aikin da ba ya cin ko dala: rubutawa. Mai unguwa ya aje littafi, duk haɗarin da aka yi a sa rana da lokaci da wuri da irin abin hawa. Bayan wata shida littafin zai nuna mararraba biyu ko uku da suka fi cin mutane. Wanda ya je wurin magajin gari da wannan littafi ya fi wanda ya je da kuka kawai samun a saurare shi, domin ya nuna inda ɗan kuɗin da ake da shi zai fi amfani.

Daga fitilar gas ta 1868 zuwa dokar Holan ta 1976 shekara 108 ce. Sai da aka ɗauki wannan tsawon lokaci kafin a yarda cewa a titin da yara ke wasa, tambayar wa zai fara wucewa ba ta kai tambayar da wane gudu zai wuce muhimmanci ba. Mu ba sai mun jira shekara ɗari ba, tunda an riga an biya kuɗin darasin da rayukan wasu. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Wace mararraba ce a unguwarku kowa ya san ta da haɗari, kuma me aka gwada a kanta? Ku faɗa muna, wataƙila dabarar wata unguwa ta amfani wata. Allah ya kiyaye hanya, ya jiƙan waɗanda muka rasa a kanta.